Sabon kundin punk ya raba kan masoya: wa ke da gaskiya?

"Malam, barka da aiki. Akwai wata ƙungiyar punk, wato kiɗan rock ɗin nan mai gudu da ƙara da bore, da nake saurare tun ina ɗan shekara 15, yanzu ina da 29. Makon jiya suka fitar da sabon kundi bayan shirun shekara biyar. Ni dai da na saurara raina bai kwanta ba, amma na kasa cewa ga dalili. Masoya kuma sun rabu biyu. Wasu na cewa an saye su, sautin ya yi sumul kamar na talla, baitukan sun daina cizo, mawaƙin ya koma maganar 'ya'yansa da rashin barci. Wasu na cewa ba su taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, wanda bai gane ba shi ne bai girma ba. Akwai ma wani baiti na siyasa da ya sa wasu suka rantse sun bar su har abada. Wa ke da gaskiya? Kuma wannan rashin jin daɗin, daga gare ni yake ko daga gare su?"

Ƙanena, na gode, kuma na ji daɗin yadda ka faɗi abin da ke ranka ba kwana-kwana. Idan na fahimce ka, rigimar masoya ba ita ce ta fi damunka ba. Mutanen da suka raine ka da waƙa tun kana yaro sun buɗe baki, ka kasa kunne, sai ka ji kamar ba da kai suke ba. Kana so ka san ko su ne suka sauya, ko kai ne, ko kuwa kunnenka ne bai saba ba tukuna.

Sana'ata haɗa sauti ce. Na daɗe a bayan na'ura, a ƙananan zauruka inda zufar jama'a ke ɗigowa daga rufi, da kuma cikin situdiyo tare da ƙungiyoyin da kuɗinsu bai wuce na kwana uku ba. Daga wannan kujerar nake maka magana. Tunda ba ka ambaci sunan ƙungiyar ba, ba zan yanke wa kundin hukunci ba, kuma ko da ka ambata, kunnenka ne zai yanke. Abin da zan iya shi ne in warware maka zaren, don ƙorafin da ka lissafa ba iri ɗaya ba ne, an dai cuɗe su ne wuri guda.

Alkawarin da aka kafa punk a kai

Kowane irin kiɗa yana da masoya masu mita, amma na punk sun fi kowa ɗaukar abin da zafi, kuma da dalilinsu. A tsakiyar shekarun 1970 kiɗan rock ya yi ƙiba. Ana wasa a manyan filaye, waƙa guda tana iya cin minti 20, mai jita yana can nesa a sama, kai kana ƙasa kana hangensa. Punk bore ne a kan wannan. Kundin farko na ƙungiyar Ramones da ya fito a New York a 1976 waƙa 14 ne cikin minti 29, kuma an ɗauke shi da kusan dala 6,400. A farkon 1977 wata 'yar mujallar hannu a Ingila mai suna Sideburns ta buga zanen kamun yatsu uku a kan jita, ta ce wa mai karatu ga su nan, sai ya je ya kafa tasa ƙungiyar. Ma'anar a fili take: wanda ke kan dandamali da wanda ke ƙasa duk ɗaya ne, gobe ana iya musayar wuri.

Duk wanda ya shiga punk, da wannan alkawarin ya shiga, ko ya sani ko bai sani ba. Masoya ne ke buga mujallun, su ne ke nemo zauren wasa, su ne ke shimfiɗa wa 'yan ƙungiya bargo a ƙasan ɗaki idan sun zo gari. Don haka idan ƙungiya ta sauya salo, mai son wani kiɗan zai ce bai yi masa ba, ya wuce abinsa. Mai son punk kuwa ji yake an taɓa kayan gado ba a shawarce shi ba.

Kalmar nan da ka ji, wai an saye su, tsohuwa ce, sa'ar punk ɗin kansa. A watan Janairun 1977 'yan ƙungiyar The Clash ta Ingila suka sa hannu da babban kamfanin faya-fayai na CBS a kan fam 100,000, tun kafin kundinsu na farko ya fito, sai Mark Perry, mai mujallar Sniffin' Glue, ya ce ranar ce punk ya mutu. Ka ga ke nan tun yana jariri aka fara yi masa jana'iza. A Berkeley ta jihar Kalifoniya akwai zauren 924 Gilman Street, wanda masoya ke tafiyarwa da kansu, da dokarsa ta hana ƙungiyoyin manyan kamfanoni hawa dandamalinsa. Can Green Day suka tashi. Da suka koma babban kamfanin Reprise suka fitar da kundin Dookie a 1994, sai ƙofar ta rufe musu, ba su sake yin wasa a hukumance a wurin ba sai 2015. A ɗaya gefen kuma ga Fugazi na Washington, waɗanda suka tsaya a kamfaninsu na Dischord, suka dage shekara da shekaru kuɗin shiga wasansu ya tsaya a wajen dala 5. Da su ake auna kowa, kuma ma'auni ne mai nauyi, kaɗan ne ke iya ɗaukarsa.

To a nan ka fara tambayar kanka: su masu cewa an saye su, me suka gani? Idan ƙungiyar ta taɓa rantsuwa a bainar jama'a cewa ba za ta yi kaza ba, yanzu kuma ta yi, fushinsu yana kan hanya, don karya alkawari karya alkawari ne. Idan kuwa hujjarsu kawai ita ce sautin ya yi tsabta, to maganar ta bar kuɗi, ta koma situdiyo, kuma nan ne fagena.

Me ake nufi da sautin ya yi sumul?

Mai saurare yakan ji abu ya ɓace amma ya kasa kiran sunansa, kamar yadda ya faru da kai. Bari in gaya maka abin da yawanci ke ɓacewa.

Tsoffin faya-fayan punk, da yawansu a ɗaki guda aka ɗauke su, kowa na kiɗa lokaci guda. Ƙarar ganga tana kutsawa cikin makirufon jita, jita tana kutsawa cikin na murya. Mai ganga idan ya zo amshi jininsa ya hau, sai ya ɗan ƙara gudu, sauran su bi shi a guje. Wannan ɗan ƙarin gudun shi ne ke tayar maka da tsikar jiki, ko da ba ka san da shi ba. Yau kuwa an fi ɗaukar kowa shi kaɗai. Ana sa wa mai ganga wani agogon kiɗa a kunne yana buga masa lokaci, ba gaba ba baya. Bayan ya gama, mai haɗa sauti ya buɗe kwamfuta ya jera kowane bugu daidai kan layinsa, wani lokacin ma ya ɗora wata ƙarar ganga da aka riga aka ajiye a kan ta gaskiya. Murya kuma tun daga 1997 da manhajar gyaran murya ta Auto-Tune ta fito ana iya miƙe duk inda ta karkace. A ƙarshe a matse sautin gaba ɗaya don ya yi ƙara a waya da mota, har ya zama wurin raɗa da wurin ihu ƙarfinsu ɗaya. Kowane mataki a cikin waɗannan gyara ne idan ka ɗauke shi shi kaɗai. Idan suka taru sai su cire wa waƙa numfashi.

Na taɓa yin wannan kuskuren da hannuna, kuma har yau yana min ciwo. Wasu samari huɗu ne, na daɗe ina haɗa musu sauti a wasanninsu, na san yadda suke girgiza zaure. Da suka tara kuɗin kundi na biyu suka ce suna so a ji su kamar manya. Na zauna dare biyu ina jera bugun mai gangarsu ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata waƙa da yake shiga amshi kafin lokaci da ɗan ƙiris, kullum haka yake yi, ni kuma na mayar da shi daidai. Da kundin ya fito, wani yaro da ba ya fashin wasansu ya same ni a bakin na'ura ya ce, "Yallaɓai, waƙar nan a faifai kamar an ɗaure mata ƙafa." Bai san komai game da kwamfutata ba, amma ya sa yatsa daidai kan wurin. Wannan ɗan riga-malam-masallacin da na goge, ashe shi ne waƙar.

Saboda haka ba na raina mai cewa sauti ya yi sumul. Sau da yawa gaskiya ya ji. Sai dai akwai wata fuskar da masoya ba sa son ji: mutumin da ya yi shekara 20 yana kaɗa jita dole hannunsa ya faɗa. Abin da ka so a kundin farko, wani ɓangarensa rashin iyawa ne da rashin kuɗi. Ba za ka ce wa ƙwararre ya koma ya riƙa kuskure da gangan ba, in ya yi ma za ka ji ƙarya a ciki. Tambayar da nake yi wa kowane kundi ita ce: tsabtar nan ta bar mutanen a ciki, ko ta share su? Akwai faifai mai tsabta da kake jin hucin mawaƙi kafin ya ɗauki baiti, kake jin yatsa na zamewa a kan tsirkiya. Akwai kuma wanda in an sauya 'yan ƙungiyar duka ba za ka lura ba.

Baituka, inda ainihin ciwon yake

Na fi tsayawa a nan, don a ganina nan ne ranka ya ƙi kwanciya.

Baitin punk gajere ne, kai tsaye, an yi shi ne don a yi ihunsa tare. A wasa mawaƙi yakan miƙa makirufo cikin jama'a, mutum goma su rufa a kai. Na sha karɓar makirufo bayan wasa ragarsa ta lotse, jiƙe sharkaf, in shanya shi in naɗe wayarsa da salatif saboda gobe. Baitin da ka yi ihunsa da bakinka sau ɗari ya tashi daga na mawaƙi, ya zama naka. Da shi ka yi fushi da makaranta, da shi ka jure wulaƙancin wurin aiki na farko. To ranar da mai baitin ya zo da wata magana daban, ji kake kamar ya janye shaidar da ya ba ka.

Su ma mawaƙan wannan mallakar tana ba su tsoro. A 1981 Ian MacKaye, mawaƙin ƙungiyar Minor Threat, ya yi wata waƙa da ba ta kai minti ɗaya ba, yana faɗin cewa shi ba ya shaye-shaye. Kansa kawai yake bayani. Masoya suka ɗauki sunan waƙar, Straight Edge, suka mayar da shi tafiya guda mai dokoki, har wasu suka riƙa tsangwamar waɗanda ba su bi ba. Sai da ta kai a 1983, da suka sake ɗaukar wata waƙarsu mai irin wannan jigo, ya tsaya a tsakiya ya yi magana da baki cewa shi ba dokoki yake kafa wa kowa ba. Dead Kennedys kuma gatse ne makaminsu, suna magana da bakin azzalumi don su tona shi. Wasu masu ra'ayin wariyar launin fata suka ɗauki gatsen a matsayin gaskiya suka fara cika wasanninsu, har a 1981 ƙungiyar ta fitar da waƙa takanas tana korarsu, ba gatse ba habaici. Abin da mawaƙi ya faɗa da abin da masoyi ya ji, sau da yawa akwai tazara a tsakani, kuma sabon kundi shi ke tona ta.

Wannan ya kawo mu kan baitin siyasar da ka ce ya kori wasu. A daren shiga 2024, a wani shirin talabijin na Amurka, Green Day suka sauya kalma a wata tsohuwar waƙarsu ta 2004 suka soki tafiyar Donald Trump. Nan take wasu suka tashi suna cewa ƙungiyar ta tsoma baki a siyasa, ta tsaya a kiɗa. Alhali waƙar tun asalinta ta siyasa ce, an yi ta ne a zamanin George W. Bush da yaƙin Iraƙi. Shekara 20 suna rera ta, ba su ji zafinta ba sai da ta taɓa nasu ɓangaren. Don haka ka koma tsoffin waƙoƙin ƙungiyarka ka karanta baitukan a rubuce, a natse. Idan matsayin nan yana nan tun da, to masu fushin ne suka matsa, ƙungiyar tana inda take. Idan kuwa da gaske sun juya wa abin da suka tsaya a kai baya, wanda ya tafi yana da hujja, kuma ba na ganin laifinsa.

Akwai kuma ƙorafi na uku a kan baitin siyasa wanda ba a cika bambanta shi da sauran ba, kuma shi ne na fi yarda da shi: mutum ya yarda da ra'ayin, amma baitin ne bai yi kyau ba. Taken da kowa ke rubutawa a allon zanga-zanga aka ɗauko aka ɗora wa kiɗa. Baitin siyasa mai rai yana nuna maka mutum guda, takardar kora a hannunsa, yana tsaye a bakin ƙofar ma'aikata. Marar rai yana gaya maka cewa zalunci ba kyau, abin da ka riga ka sani.

Da wannan ma'aunin nake so ka auna waƙoƙin 'ya'ya da rashin barcin ma. Mutumin da ya rubuta waƙoƙin da ka so yana ɗan ashirin da 'yan kai, yau wataƙila ya ba arba'in baya. Yana da iyali, ya binne abokai, gwiwarsa na ciwo idan ya yi tsalle. In ya ci gaba da rera cewa iyayensa ba su fahimce shi ba, to nan ne ya zama ɗan wasan kwaikwayo, kuma wannan ita ce cin amanar da ta fi kowace. Punk gaskiyar mai magana ya nema tun farko, kuma gaskiyar ɗan 45 daban take da ta ɗan 20. Abin dubawa shi ne ko ya rubuta sabuwar rayuwar da irin idon da ya rubuta tsohuwar.

Akwai wani mawaƙi da na yi aiki da shi wanda aka san shi da zagin masu mulki. Ya kawo waƙa a kan jinyar mahaifinsa. Babu kalmar baƙin ciki ko ɗaya a ciki. Abin da ke ciki shi ne kujerar roba ta asibiti, da yadda ya koyi aske wa tsohon gemu yana kwance, da lissafin kuɗin magani a bayan takardar wasa. Ranar da suka fara rera ta, ina hange daga baya, gaban dandamali ya tsaya cik, an harɗe hannuwa, wasu suka fita shan iska. Wani ya yi ihu a yi tsohuwa. Na ga fuskar mawaƙin, ta faɗi. Bayan wata bakwai muka dawo zaure ɗaya. Da ya kai baitin askin, sai na ji muryoyi sun taso sun rufe tasa, na sa hannu na ja maɓallin muryarsa ƙasa na bar su. Wani ƙato a gefena, rigarsa duk faci, yana rerawa hawaye na zuba. Waƙar ba ta sauya ba ko da harafi. Kuma in ka duba da kyau, lissafin kuɗin maganin nan ya fi duk zaginsa na baya siyasa.

Hukuncin makon farko

Mako guda kacal da fitar kundin, ka ce. Tarihin punk cike yake da hukuncin makon farko da aka dawo aka janye. Jawbreaker sun sha faɗa cewa ba za su je babban kamfani ba, sai suka je, suka fitar da kundin Dear You a 1995 da murya mai tsabta. Masoya suka riƙa juya musu baya a wasa idan sun ɗauko sabbin waƙoƙi. Ƙungiyar ta watse a 1996. Kafin su dawo a 2017 a bikin Riot Fest na Chicago, kundin da aka tsana ya zama abin da sabon ƙarni na mawaƙa ke koyi da shi. Black Flag a 1984 suka cika bayan faifan My War da waƙoƙi uku masu jan ƙafa, kowace ta haura minti shida, a lokacin da masoyansu gudu kawai suke so. Aka yi ta tsaki. Wannan jan ƙafar ce ta shiga jinin ƙungiyar Melvins da samarin mawaƙan yankin Seattle da suka girgiza duniya bayan 'yan shekaru. Refused na Suwidin suka fitar da kundinsu na uku a 1998, mutane ƙalilan suka kula, suka watse a shekarar, wasansu na ƙarshe a wani ɗakin ƙasa a jihar Virginia 'yan sanda ne suka tsayar da shi. A 2012 a manyan bukukuwa aka tarbe su.

Kada ka ɗauka ina cewa masoya kullum kuskure suke. A 1983 Bad Religion suka saki salonsu suka yi kundi mai kayan kiɗan lantarki da dogayen waƙoƙi, suka sa masa suna Into the Unknown, wato shiga inda ba a sani ba. Masoya suka ƙi shi, ƙungiyar ta tarwatse na wani lokaci. Da suka dawo a 1985, sunan da suka sa wa sabon faifansu ma'anarsa komawa inda aka sani. Su da kansu suka karɓi hukuncin. Wani lokacin ƙungiya takan ɓata hanya, kuma masoya ne ke fara gani.

Abin da ya sa makon farko ba abin dogaro ba ne yana da nasaba da yadda kunne ke aiki. Tun a 1968 masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc ya nuna cewa yawan cin karo da abu kaɗai yana ƙara wa mutum sonsa. Tsohon kundin ka ji shi sau ɗaruruwa, sabon sau biyu ko uku. Ƙari a kan haka, waƙoƙin da mutum ya ji a shekarun samartaka suna manne da ƙwaƙwalwa fiye da na kowane lokaci. Sabon kundin da shekararka ta 15 yake kokawa, da abokan da kuka ji tsohon tare, da ɗakin da ka kulle kanka ka ƙure ƙara. Babu kundin da zai ci wannan kokawar a mako guda.

Zamani ma ya ƙara wa wutar mai. Tun daga 2015 ranar Juma'a ake sakin sabbin kundaye a duniya baki ɗaya, kowa ya same su lokaci guda a wayarsa. Da can sai ka tara kuɗi ka sayi faifai, kuma tunda ka biya za ka zauna da shi wata guda ko ba ka so. Yanzu kafin gari ya waye an riga an yanke hukunci, kuma muryar da ta fi zafi ita ke tafiya nesa. Mutum dubu da suka ji suka ce bari mu ƙara saurare ba su rubuta komai ba. Rabuwa biyun da ka gani, bakin gaɓa biyu ne, yawancin jama'a suna tsakiyar kogi tare da kai.

Abin da zan so ka yi

Ka daina karanta ra'ayin kowa na mako biyu, har da na masu yabo, don su ma masu cewa wanda bai gane ba bai girma ba, cin fuska suke yi, ba hujja suka kawo ba. Ka saurari kundin daga farko zuwa ƙarshe yadda aka jera shi, da lasifika mai kyau ko abin sawa a kunne, ba ta bakin waya ba. Sau ɗaya ka bi ganga kawai, ka ji ko tana numfashi. Sau ɗaya ka riƙe baitukan a rubuce kana bi, ka ja layi a ƙarƙashin duk inda ka ga wani abu da idonka, kujera ko titi ko fuskar mutum. In ka gama ba ka ja layi ko ɗaya ba, ka samu amsarka, kuma laifin ba naka ba ne. Sannan ka nemi bidiyon da aka ɗauka suna rera sabbin waƙoƙin a gaban jama'a. Idan waƙar ta tashi a can amma ta kwanta a faifai, matsalar daga situdiyo ce, irin tawa, waƙar kanta lafiyarta ƙalau.

In gaya maka iyakata. Ni mutumin sauti ne, kuma na zauna da mawaƙa a mota da ɗakin jira, na ga yadda suke karanta zagin masoya cikin dare su kasa barci. Wannan ya sa zuciyata ke saurin karkata gare su, ka sa wannan a lissafi idan kana auna maganata. Kuma ƙananan ƙungiyoyi na fi sani. Inda kuɗi ya yi yawa, akwai matsin kamfani da na masu talla da ke iya lanƙwasa kundi tun kafin a shiga situdiyo, kuma a irin wannan wurin zargin masoya yakan fi samun gindin zama.

Yana yiwuwa ka yi duk wannan, ranka ya ƙi dai. Ba komai. Kana iya riƙe tsoffin kundayen, ka bar wannan, ba tare da ka kira kowa maci amana ba. Sai dai in sun zo wasa kusa da kai cikin watanni masu zuwa, ka je. Kada ka kutsa gaba. Ka tsaya baya, kusa da mai haɗa sauti, inda ake ganin zaure duka. Idan suka ɗauko waƙar rashin barcin nan, ka dubi bakunan mutane, ka kuma dubi hannun mai na'ura, ka ga ko zai ja muryar mawaƙin ƙasa.